Tsinke Ta Yi Kumatu

Ranar da ta cika kwana tara da fara shan sabon maganin, Tsinke ta buɗe kwalbar zuma da hannunta.

Da farko ba ta ma lura ba. Tana tsaye a kicin da safe, ruwan shayi yana tafasa, hankalinta yana kan ko akwai sauran madara, kawai sai ta ɗauki kwalbar ta murɗa, murfin ya buɗe. Sai da ta zo rufewa ta tsaya cak, tana kallon hannun kamar na aro.

"Baban yara! Baban yara, zo ka gani!"

Mijinta, direban motar da ke ɗaukar ma'aikatan wani kamfanin robobi, ya fito daga banɗaki a guje da kumfar aski a rabin fuskarsa. A zatonsa faɗuwa ta yi.

"Lafiya? Me ya faru?"

Ta rufe kwalbar tam, ta sake buɗewa a gabansa. Ta ɗauko gwangwanin gishiri ta buɗe, ta ɗauko robar mai ta buɗe, ta murɗa famfo ruwa ya zubo, ta kashe. Kafin ya gama fahimta ta buɗe duk wani abu mai murfi a kicin ɗin, har da kwalbar maganin tari da ba wanda ya nema. Direba ya zauna a kan buhun shinkafa yana dariya, kumfa tana ɗiga masa a singileti, idanunsa sun kawo ruwa.

Tun tana firamare ake kiranta Tsinke saboda rashin jiki, sunan ya bi ta har gidan aure, har 'ya'yanta uku suka girma suna jin ana kiran uwarsu haka. Sana'arta kitso. Shagonta yana layin bayan tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule: kujeru uku, kwanon wankin kai, da wani madubi da ya cinye bango guda. Mata sukan tsallake shaguna goma su zo nata, domin tsagarta miƙaƙƙiya ce kamar an ja da zare, kuma kitsonta ba ya ɗaure kai. Sai ga amosanin gaɓɓai. Yatsu suka kumbura, da safe su sandare, ko maɓallin riga sai Direba ya saka mata. Shekara biyu cur tana zuwa shagon ta zauna a kusurwa da hannaye a cinya, tana gaisawa da mutane, abokiyar aikinta tana yin kitson. Wannan abokiyar aikin ita ce Rediyo, mace mai kirki wadda bakinta ba ya hutawa daga buɗe shago har rufewa.

An sha magunguna kala-kala ba a dace ba, sai da aka tura ta wurin wata likitar gaɓɓai a babban asibiti. Ita ce ta rubuta mata wasu ƙananan fararen ƙwayoyi na kowace safiya, da wani kuma na sau ɗaya a mako. Ta yi mata dogon bayani a kan abin da ka iya biyo baya, amma a ranar Tsinke ba ta ji ko rabi ba, zafin wuyan hannu ya cika mata kunne.

A safiyar nan ta kwalbar zuma, kafin ƙarfe takwas ta isa shago. Ta tarar da Rediyo tana tsefe wa wata mata kai.

"Ba ni kibiyar nan," in ji Tsinke.

"Anti, me za ki yi da ita?"

"Ke dai ba ni."

Ta karɓi kibiyar tsaga, ta dafa kan matar, ta ja layi ɗaya daga goshi zuwa ƙeya. Layin ya ɗan karkace a ƙarshe. Ta goge ta sake ja, ya miƙe. Rediyo ta ƙwalla ihun da ya sa mai gyaran waya ya leƙo da sukundireba a hannu. Ranar kitso huɗu kacal Tsinke ta iya yi a kan matar kafin yatsun su gaji, Rediyo ta ƙarasa sauran, amma kafin azahar babu wanda bai ji labari ba a layin, har masu lodi a tasha.

Daga nan kwanaki suka zama kamar na yarinya. Ta wanke labulen gida da hannu, ta goge fankar sama, ta fito da kayan cikin kabad ta sake jerawa. Ƙarfi ya zo mata da yawa har ya yi mata yawa. Da asuba take farkawa idonta tar, ta rasa abin yi, ta kama yankan albasa. Surutu ma ya ƙaru, har Rediyo ta ce in aka ci gaba a haka za ta sauka daga kan sunanta ta ba ta.

Sai yunwa. Tsinke da a da ake lallashi ta ci rabin burodi, yanzu ta ci ƙwai uku da safe, ƙarfe goma ta aika a sayo ayaba, sha biyu ta buɗe kular abincin rana, la'asar tana tauna gyaɗa. Wata rana Direba ya dawo aiki ya buɗe kwanonsa ya ga kifi ɗaya maimakon biyu.

"Maman yara, mage ta shigo ne?"

"Babbar mage ma," ta ce, tana suɗe yatsa. "Mai 'ya'ya uku."

A mako na biyar zif ɗin siket ɗinta ya ƙi hawa. Ta ja numfashi ta riƙe, ta yi tsalle, ya hau rabi ya tsaya. Ta yi dariya ta canza wani, domin duk rayuwarta burinta ta ɗan yi jiki. Amma jikin bai zo yadda ta zata ba. Hannaye da ƙafafu suna nan sirara, cikin ne ya turo, wuya ya cika ta baya, fuskar kuma ta zagaye kamar faranti. Zoben da ta shekara ashirin da shi ya maƙale, sai da aka sa sabulu da zare aka zare shi. Ga gashin gaban goshi ya fara bin mataji. Kuma a shagonta babu wurin ɓuya, duk inda ta juya madubin nan yana gabanta.

Matar makwabcinsu ce ta fara. Ta tare ta a matakalar bene, ta kama hannunta tana murmushi.

"Ashe abin arziki ne ya samu, shi ne ba a faɗa mana ba? Allah ya raba lafiya."

Tsinke ta yi sakato, sannan ta gane. Shekararta arba'in da uku, autanta yana ajin ƙarshe a sakandare. Dariya ta kama ta har sai da ta zauna a matakala. Da ta ba Direba labari ya shafa gemu ya ce shi dai bai ƙi ba, ta jefe shi da filo.

Wadda ta ɓata mata rai daban ce. Wata tsohuwar mai zuwa kitso ce, ma'aikaciyar banki, wadda ta yi tafiya wata takwas. Ta shigo shagon ta gaida Rediyo, ta dubi Tsinke ta ce mata sannu irin ta baƙo, sannan ta juya.

"Ina Anti Tsinke? An ce mini ta samu sauƙi."

Rediyo ta juya ta dubi Tsinke.

"Ga ni nan," in ji Tsinke.

Matar ta rufe baki da hannu, ta shiga ba da haƙuri, tana cewa hasken waje ne ya kashe mata ido. Tsinke ta yi mata kitson, kuma ya yi kyau, amma da aka tashi ta shiga ɗan ɗakin ajiye tawul ta rufe ƙofa ta yi kuka. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, da hannun da ya warke take share hawayen.

A ƙarshen makon yayarta ta zo gidan. Yaya mace ce mai son ƙanwarta kamar rai, amma ba ta san rufa-rufa ba. Tun daga bakin ƙofa ta ajiye jaka ta tafa hannu.

"Innalillahi! Ke Tsinke, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ki watsar da ƙwayoyin nan kafin su hallaka ki. Yatsun ai sun warke, me kuma ake jira?"

"Yaya, likita ce ta ce in sha."

"Likita ce za ta zauna da fuskar ko ke? Dube ki fa, kamar an hura balan-balan."

Maganar ta shige ta. Washegari da safe ta zuba ƙwayar a tafin hannu, ta daɗe tana kallonta, sannan ta mayar cikin kwalba. Direba yana ɗaura igiyar takalmi, ashe yana ganinta.

"Ba ki sha ba."

"Zan sha anjima."

"Maman yara." Ya miƙe ya zo kusa da ita. "Ni ne na shiga da ke wurin likitar nan. Ke ba ki ji ba, ni na ji. Sau biyu ta ce kada a tsayar da shi kai tsaye, jiki zai iya rikicewa. In fuskar ce ta dame ki, mu je ki faɗa mata da bakinki. Amma yau ki sha."

"Kai ba ka ga yadda na koma ba ne?"

"Na gani mana. Da ina neman kumatun da zan ja ban samu ba, yanzu ga su har biyu."

Ta harare shi, dariya ta ƙwace mata, ta haɗiye ƙwayar da ruwan shayinsa.

Ranar Talata suka je asibiti. Likitar doguwa ce, ba ta kai Tsinke shekaru ba, kullum da ɗankwali ɗaure tam har gira. Ta kama yatsun ɗaya bayan ɗaya tana lanƙwasawa, ta sa ta dunƙule hannu ta buɗe, ta duba takardar gwajin jini, ta ɗago da fara'a.

"Malama, kin ga yadda lambobin nan suka sauka? Yanzu faɗa mini, me ke damunki?"

Tsinke ta nuna fuskarta da hannu biyu, ta nuna ciki, ta zame ɗankwali ta nuna gaban goshi. Ta ba da labarin makwabciya da na ma'aikaciyar banki, ba ta ɓoye safiyar da ta so ƙin sha ba.

Likitar ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce fararen ƙwayoyin su ne suka kawo yunwa da cikar fuska, kuma dama ba na dindindin ba ne, an ba ta su ne su kashe wutar ciwon kafin na mako-mako ya kama aiki. Yanzu da ya fara kamawa, za a riƙa rage su kaɗan-kaɗan. Fuskar za ta sauka, amma a hankali, wata da watanni, kuma ba ta yi alkawarin za ta koma daidai yadda take a da ba. Ta ce a rage gishiri da zaƙi, a yi tafiyar ƙafa kullum, ta duba batun gashin ta gyara wani abu a takardar magani.

"Ranar da kika ji kamar ki daina, ki zo nan mu yi rigimar tare," in ji ta. "Kada ki yanke ke kaɗai a kicin."

Tana rubutu Tsinke tana kallon ɗankwalin nan. Idon mai sana'a ba ya hutawa. Ta gefen kunne wani gashi ya leƙo, baƙi wuluk, mai kauri, a cukurkuɗe.

"Likita, ki yi haƙuri da tambaya. Yaushe rabonki da kitso?"

Direba ya taka mata ƙafa. Likitar ta ɗago, ta taɓa kanta, sai ta fashe da dariya.

"Ya fi wata huɗu. Gashina yana da taurin tsiya, duk wadda ta kama shi sai na kwana uku da ciwon kai. Na haƙura."

"Ki zo ranar Asabar. Layin bayan tasha, kusa da mai labule. In kanki ya yi ciwo ki ƙara mini allura."

A mota Direba ya ce bai taɓa ganin majinyacin da ya ba likita ranar ganinsa ba. Tsinke ba ta saurare shi ba, tana ta zana kitson a zuciyarta.

Kwanakin da suka rage ta ɗauke su kamar mai shirin gasa. Ta daina hawa mota zuwa shago, ta riƙa takawa: ta wuce gidan mai, ta tsallaka gada, ta ratsa ta gaban makarantar 'yan mata, minti talatin da biyar. Ranar farko ta isa tana haki, Rediyo ta yi mata fifita da kwali. Ta cika roba da yankakken kokwamba da karas don lokacin da yunwa ta taso, tana ci tana ƙorafin cewa wannan abincin zomo ne. Ta kai wa tela yadi biyu, ɗaya ruwan lemo mai haske irin wanda a da take cewa zai haɗiye ta. Telar ta zagaya ta da tef tana kiran lambobi, Tsinke ta ce a sake faɗa mata na ƙugu, ta maimaita shi a bakinta tana mamaki. Yaya ta kira a waya, da ta ji an fara rage maganin ta ce ai dama ita ta faɗa, Tsinke ta bar ta da nasararta.

Asabar ta zo. Tun safe Rediyo ta goge madubi sau biyu, ta hana kowa zama a kujerar tsakiya. Ƙarfe goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce.

"Anti, manyan nan fa ba sa zuwa. Faɗa kawai suke yi."

Ba ta rufe baki ba sai ga likitar a ƙofa, cikin doguwar riga da silifas, ba farin kaya, tana ba da haƙurin an tsare ta a asibiti. Ta dubi rigar ruwan lemo ta ce, "Kai, Malama, wannan kala taki ce."

Da aka zame ɗankwalin Rediyo ta ce, "Tabɗi!" Gashi ne cunkus, ga tsawo ga cika, mataji biyu ya karya kafin a gama taje shi. Aka wanke, aka busar, aka shafa mai. Tsinke ta tsaya a bayan kujera, ta motsa yatsunta. Tun da ta dawo aiki ba ta taɓa yin ƙananan kalaba ita kaɗai daga farko har ƙarshe ba.

Ta ja tsagar farko. Ta kama gashin a sassauce daga tushe, yadda ta saba, yatsun suka shiga juyawa da kansu. Likitar ta ɗaga wuya tana son ganin hannun a madubi.

"Kina jin zafi a gaɓar nan ta tsakiya ko babu?"

"Likita, sunkuyar da kai."

"Tambaya kawai nake, in kin ji..."

"A ofishinki ke ce mai magana. Nan kujerata ce. Sunkuya."

Shagon ya ɗauki dariya, likitar ta sunkuya tana cewa ta bi umarni. Rediyo ta samu sabon kunne, ta buɗe labarai: na mai labule da surukarsa, na ɓeran da ya shiga na'urar busar da gashi, na yadda Anti ta cinye abincin mutum uku a zama ɗaya. Mata biyu da ke jiran layi suka shiga yi wa likitar tambayoyin ciwon baya da na gwiwa, ita kuma tana amsawa da kai a ƙasa.

Bayan awa biyu yatsun suka fara nauyi. Tsinke ta tsaya, ba ta ɓoye ba. Ta tsoma hannayen a ruwan ɗumi na minti goma, ta ci karas ɗinta, likitar ta ce haka ake so, a huta kafin ciwo ya ce a huta. Rediyo ta miƙo hannu za ta karɓa, Tsinke ta girgiza kai ta koma bayan kujera.

La'asar sakaliya ta ɗaure na ƙarshe. Kalaba sittin da huɗu, sirara, sun kwanta lambam har kafaɗa. Ta ɗauko ƙaramin madubi ta riƙe ta baya. Likitar ta juya hagu, ta juya dama, ta ɗaga gira ta sauke don ta ji ko fatar kai za ta ja.

"Ba zafi," ta ce da mamaki. "Wallahi ko kaɗan."

Ta miƙe ta kama hannayen Tsinke biyu, ta juya su, ta danna gaɓoɓin kamar yadda take yi a asibiti. Sun ɗan yi ja, amma ba su kumbura ba. Matan biyu suka tsaya suna kallon juna a madubi suna dariya, kowacce tana yaba aikin 'yar'uwarta. Likitar ta fita da ɗankwalin a hannu, ba ta ɗaura ba.

Ranar Litinin da hantsi wayar shago ta yi ƙara. Rediyo ta ɗauka, ta saurara, idanunta suna ƙara girma, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Anti, daga asibiti ne. Nas-nas ne, su biyar, wai duk irin na likita suke so, kuma duk ranar Asabar."

Tsinke tana tsakiyar tsaga a kan wata yarinya, ba ta ɗago ba.

"Ce musu biyu a rana nake yi. Sauran su zaɓi wata Asabar ɗin, ko su zauna a kujerarki."

"Sun ce ke suke so."

"To su jira," in ji ta, ta gyara kan yarinyar ta ci gaba da kitsonta.